Ni da taubashina da moto biyu, daga Maraɗi har Mirya

Tun ran da na sa hoton nan a Facebook, wanda nake tsaye gaban fadar Sarkin Damagaram fuska duk ƙura kamar wanda aka tono daga rami, mutane ke ta tambayata wai da gaske a kan moto muka je, wani ma cewa ya yi sai na rantse. To wallahi a kan moto ne, zuwa da dawowa, ni da taubashina kowa da tashi, kuma ba shi ne karon farko ba, wannan dai shi ne wanda na samu sukunin zama in rubuta tun ban manta ba.

Wadda ta fara yi mini faɗa Inna ce. Ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana, sai ta ce kai wannan yaro, ga motoci nan a tasha masu sanyi a ciki, ka biya kuɗinka ka zauna kamar mutum, mi ya kai ka hawan ƙarfe mai ƙafa biyu har Damagaram, ko kuɗin motar ne babu in ba ka? Na ce Inna akwai. Ta ce to hankalin ne babu. Ban ce komai ba don in ka amsa wannan sai an kai magariba ana yi.

Abin da na kasa faɗa mata shi ne, na shiga motocin nan ya fi a ƙirga. Ka shiga tun duhu, a ja labule, a kunna fim, ka yi barci wuya a karkace, ka farka a ce Tasawa ce a sauka a yi fitsari minti goma, ka koma, ka farka a ce an iso. Shekara da shekaru ina bin hanyar nan a haka, in ka tambaye ni mi ke tsakanin Gazawa da Tasawa ban sani ba, ni da nake malamin lakkwal ina tsayawa gaban yara ina zana musu hanyar a allo da alli, Yamai, Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa, Maraɗi, Damagaram, har Diffa da Gigimi, ina ce musu wannan ita ce babbar hanyar ƙasa ta ɗaya, hanyar haɗin kai. Layi ne kawai a allo. Ranar da na fara binta a kan moto na ji kunyar yaran nan.

Moto tawa ba wata ta a zo a gani ba ce, irin ƙananan nan ne da ƴan kabu-kabu ke ja cikin gari, ba irin manyan da ake gani a intanet ba masu akwati uku da Turawa ke ƙetare sahara da su. Taubashina ɗan ƙanwar babana ne, ya yi kabu-kabu shekaru kafin ya buɗe ɗan wurin gyaranshi, kuma shi ne ya koya mini cewa tafiya mai nisa tun jajibiri ake fara ta. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci muka kai su wurinshi, ya yi bidanj, wato canjin man inji, ya ɗaure sarƙa ya shafa mata mai, ya duba birki gaba da baya, ya bi waya-wayar taya ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da sifana yana saurare kamar mai duba kankana. Muka ɗauki buji biyu, shambur biyu, wato robar cikin taya, faci da gam, famfon hannu, bido ɗaya na lita 5, da robar tsohon shambur da aka yanka tsiri-tsiri, wadda in ka tambaye ni ita ce sarauniyar kayan tafiya, ba igiyar da ta kai ta riƙe kaya. Takardu kuma a leda cikin aljihun ciki, permi da kart gris da asirans da katin ɗan ƙasa. Yana aiki yana zagina, wai Mushe, haka ake kiran malamin lakkwal, kai ka iya alli kawai, in moto ta mutu maka a daji sai dai ka yi mata dikte. Na ce ai shi ya sa na ɗauko bawana.

Hutun ƙarshen Disamba ne na 2024, ran Asabar, muna sallame asuba muka tada su. Duk wanda ya ce maka Maraɗi ba a sanyi bai taɓa hawan moto ƙarfe shida na safe cikin hunturu ba. Na sa riga uku, na naɗa rawani har hanci na ɗora kaske a sama, na sa safar hannu, amma kafin mu bar gari da kilomet 10 yatsuna sun daina jin magana, in zan kama birki sai na kalli hannun in tabbatar ya kama. Hazo ya rufe gabas, rana ta fito fara fat kamar faifai, kana iya kallonta ido da ido. Amalanken shanu suna shigowa gari da kara da itace, yaran da ke kai sun dunƙule cikin buhu, wasu sun hura wuta a bakin hanya sun zagaye ta, muna wucewa ɗumin ya ɗan taɓa mu daƙiƙa ɗaya ya sake mu.

A Cadawa muka fara tsayawa, wajen da hanyar Mayahi ta rabu, ba don mun gaji ba sai don hannu. Mai shayi ya kalle mu ya ce daga ina haka, muka ce Maraɗi, ya ce zuwa, muka ce Damagaram, ya ce a kan waɗannan? Ya ƙara mana madara bai karɓi kuɗinta ba, wai sadaka ce ga marasa lafiya. Na riƙe kofin da hannu biyu sai da yatsun suka dawo. Shayin nan da burodi da ƙwai biyu, ban san mi ke cikinshi ba, na sha shayi a wuraren da ake kawo shi da faranti amma ban taɓa jin wanda ya sauka jikina kamar shi ba. Muka sayi aya muka cika aljihu, ai yankin ne nata, kuma abokiyar tafiya ce don tana hana barci, sai dai ka ɗaga rawani ka jefa ka mayar.

Daga nan zuwa Agye rana ta ɗan yi sama, jiki ya saki, kuma nan ne abin da nake ce wa daɗin ya fara. Ban iya kwatanta shi sosai. Injin ya zauna a murya ɗaya, wajen 60 zuwa 70, ba ka matsa mishi ba shi ma bai matsa maka ba, gudron ya miƙe, ba mai kiranka a waya don ko an kira ba ka ji, ba mai ce maka Mushe an kori ɗana, ba mai bin bashi. Hancinka kuma yana aiki, ka shiga ƙamshin ƙosai tun ba ka ga garin ba, ka fita ka shiga warin garke, ka shiga hayaƙin kara, ka gangara wani ɗan kwari sanyi ya buge ka ka hau tudu ɗumi ya dawo, ashe ƙasar da nake ce wa shimfiɗaɗɗiya tana da hawa da sauka, a mota ban taɓa lura ba. Wani lokaci sai in tsinci kaina ina waƙa da ƙarfi cikin kaske, ni da ko a gida ba a taɓa jin muryata ba. Wani lokaci kuma tunani ne ke warwarewa da kanshi, abin da ya dame ni wata guda sai in ga ashe ba komai ba ne, ko kuma in ga ni ne mai laifi, wannan ma ya faru.

Sai itatuwa. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a tafiyar duka. An girbe hatsi, gonaki sun zama fili, amma ko'ina ka duba gawo ne tsaye kore shar, ga kalgo ga aduwa ga goruba, gona bayan gona. Gawo dai kowa ya san halinshi na saɓa wa jama'a, da damina in kowa ya yi ganye shi sai ya zubar da nashi, hatsi ya samu rana a ƙarƙashinshi ya kuma samu taki, da rani in kowa ya bushe sai shi ya yi ganye ya zubo ƴaƴa dabbobi su ci. Na san wannan a takarda. Abin da ban sani ba shi ne yawansu, sai da na bi ta cikinsu awa guda a hankali.

Sauran abin da ba daɗi kuma akwai shi, kar wani ya karanta wannan ya ɗauka hanyar aljanna ce. Manyan motocin fasinja ba su san da kai ba. Za ka ji oda daga baya kamar ƙahon tashin ƙiyama, in kana da hankali ka sauka gefe tun da wuri ka ba su hanyarsu, don iskarsu kaɗai tana iya ɗauke ka ta ajiye cikin ƙarangiya. Tirela in ta taho ta gaba sai ka sunkuya ka riƙe kan moto da kyau. Jaki shi ba ya gudu ba ya komawa, tsayawa yake a tsakiya yana tunani. Akuya, musamman jar nan tamu ta Maraɗi da muke alfahari da ita, sai ta bari ka iso sannan ta tuna uwarta na wancan gefen. Zabi ma haka. Ga tudun rage gudu a bakin kowane gari, wasu ba fenti ba alama, in ka hau ɗaya da gudu hanjinka sai ya gaisa da maƙogwaro. Shi ya sa dokarmu biyu ce ni da taubashina, ba ma wuce 70 kuma ba ma tafiyar dare ko da za a ba mu kyautar moton.

Bayan Gazawa ne na ja mana. Na hango wani ƙauye daga nesa da rumbuna jere kamar an shirya su don hoto, na ce mu ratse mu gani, ya ce Mushe rairayi ne fa, na ce ba komai. Tafiya cikin rairayi ilimi ce daban, ka koma giya ta biyu, ka ja jikinka baya, kar ka taɓa birkin gaba, kar ka saki totur, ka bar kan moto ya yi rawarshi kai dai ka kalli inda za ka. Duk na san wannan a baki. Mita ɗari biyu na yi na ga kan yana rawa na tsorata na damƙe birki, sai ga ni kwance moto a kaina taubashina ya tsaya yana dariya har da hawaye bai ko zo ya ɗaga ni ba. Ban ji ciwo ba, rairayi katifa ne. Amma da muka tashe ta muka ɗan tura sai ga tayar baya ta kwanta, ƙayar aduwa ce doguwa ta shige har shambur.

Muka tura zuwa gindin wani gawo a bakin gona, ya baje kayan aiki. Ba a yi minti biyar ba yara sun zagaye mu, sannan wani tsoho ya taho da sanda da ɗan gatari a kafaɗa, ya yi sallama ya ce sannunku da hanya ƴaƴana, lafiya dai? Muka ce lafiya lau Baba, faci ne. Ya aiki yaro gida, sai ga ƙwaryar fura da nono da ludayi biyu, muka ce Baba da ba ka wahalar da kanka ba, ya ce baƙo a gonata ai ba ya tashi da ƙishi. Ashe gonarshi ce. Na ce Baba wa ya shuka muku itatuwan nan haka da yawa? Ya yi dariya ya ce ba wanda ya shuka, ɗana, barinsu muka yi. Ya ce da can in za a yi sassabe sai a share gona ƙal, duk tohon da ya fito daga kututture a sare a ƙone, manomin kirki shi ne wanda gonarshi ba ko tsinke, har iska ta zo tana binne shuka sai an yi biyu uku. Bayan yunwar 1984 ne aka fara cewa a bar toho biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture a sassabe sauran, a riƙa yi musu aski suna tashi, shi ne sassabin zamani. Ya ce da farko dariya aka yi ma masu yi, ana ce musu ragwaye. Ya tashi ya kama wani ɗan kalgo ya nuna mini da gatarinshi yadda ake yi, wannan a cire, wannan a cire, wannan a bari. Ya ce yanzu matanshi ba su zuwa nesa neman itace, kuma wanda ya sare maka icce a gona kamar ya shiga rumbunka ne.

Na karanta labarin nan, har na taɓa ba yara shi a darasi, da sunan Faransanci mai tsawo. Amma ban taɓa zama a inuwar abin ina shan furar mai shi ba sai da ƙaya ta huda mini taya. Taubashina ya gama faci ya buga iska, muka ciro dala ɗari za mu ba yaron da ya kawo fura, tsohon ya ɓata rai ya ce kar mu ɓata mishi ladanshi. Sai ayar da ke aljihunmu muka rabar ma yaran. Ya raka mu har bakin gudron yana ta Allah ya kiyaye hanya, Allah ya kai ku lafiya, ku gaida iyayenku.

Tasawa kusan rabin hanya ce, mun iso ta wajen sha ɗaya da rabi maimakon tara da muka yi lissafi. Muka bar injina suka huce, don ƙaramin inji iska ce kawai ke sanyaya shi, in ka yi ta jan shi ba hutu shi zai ba ka hutun dole. Muka ci nama, muka ƙara mai. A fitar gari jandarma ya tsaida mu ya duba takardu ya ga komai daidai, ya ce ina zuwa, muka faɗa, ya ce biki ko rasuwa? Muka ce yawo. Ya maimaita, yawo, ya kira abokin aikinshi ya ce zo ka ga masu yawo. Wannan kalmar ita ce matsalarmu a ƙasar nan, in ba biki ba rasuwa ba fatauci ba, mutum bai da dalilin tafiya, kuma ɗan yawo ba sunan kirki ba ne. Yanzu na koyi cewa ziyara, sai a bar ni.

Gaba kaɗan da Tasawa akwai Mai Jirgi, kuma nan na ce lalle sai mun tsaya ko da taubashina zai fashe. Duk wanda ya yi lakkwal a Nijar ya haddace sunan Bule da Shanwan, sojojin Faransa biyu da suka ratso ƙasar nan a 1899 suna ƙone garuruwa suna kashe mutane, su ne suka yi ma Ƙonni ɓarnar da har yau ake faɗi, su ne suka yi yaƙi da Sarauniya a Lugu. A wannan yankin tafiyarsu ta ƙare cikin watan Yuli na shekarar, bayan sun harbe babbansu da aka aiko ya tsaida su, sojojinsu da kansu suka juya musu, kuma kaburburansu na nan Mai Jirgi. Muka tambaya aka nuna mana. Ba wani abin kallo, na tsaya ne kawai ina tunanin sau nawa na wuce wurin nan ina barci da baki buɗe. Taubashina ya ce yanzu dai Mushe mun bar gida tun asuba don mu gaida waɗannan? Ya tofar da yawu ya koma kan motonshi.

Daga nan gajiya ta fara magana. Ba a faɗin gaskiyar wannan a hotuna, ɗuwawu ne ke fara mutuwa, ka koma gefen dama ka koma na hagu ka miƙe tsaye kan takalmin moto ka zauna, sannan kafaɗa, sannan wuya saboda nauyin kaske da iska. Leɓe ya tsage. Sanyin safe ya tafi har ka cire riga biyu ka ɗaure a baya. A Takeita, inda hanyar Matamai ta ɓalle ta yi kudu wajen Daura da Kano, muka yi azahar muka kwanta kan tabarmar masallaci minti ashirin, muka sha rake. Saura wajen kilomet 50. Ƙasa ta fara canzawa, duwatsu suka fara leƙowa, muka wuce Tirmini inda mayaƙan Damagaram suka tari Faransawa a waccan shekarar dai ta 1899, wannan karon ban ce a tsaya ba don na ga fuskar mutumina.

La'asar sakaliya muka shiga Damagaram. Kilomet kusan 240, awa goma, abin da mota ke yi cikin uku da wani abu. Amma yadda na ji da na hango manyan duwatsun nan masu santsi da gidaje a gindinsu, kamar ni na gina garin. Muka sauka wurin wani abokin karatuna a Zango, matarshi ta kalle mu ta ce a kai musu ruwa bayi tukuna kafin gaisuwa. Ruwan da ya sauka daga jikina ja ne. Da yamma muka shiga Birni da ƙafa, lungu-lungu, gidajen ƙasa masu zane a fuska, har gaban fada inda aka ɗauki hoton nan, kafin wanka ne ma aka ɗauke shi, na yi ƙarya, mun fara biyawa ta can ne don na ce sai an ga shaida. Garin Sarki Tanimun ke nan mai ganuwa da igwa, kuma nan ne babban birnin Nijar a hannun Faransawa har 1926 kafin a maida shi Yamai, abin da Damagarawa ba su manta ba kuma ba za su bari ka manta ba, abokina ya faɗa mini sau uku kafin mu ci tuwo. Na yi barcin da ban yi irinshi ba tun ina yaro, sai dai duk daren ina jin ƙugin inji a kunne.

Lahadi kasuwar Mirya ce, shi ya sa ma muka zaɓi Asabar. Tafiyar ba ta kai kilomet 20 ba, da ɗuwawu mai ciwo dai ta yi tsawo. Garin na da lambuna da manyan kukoki tsofaffi, kuma tukwanensu da tulunansu ba sai an yi musu talla ba. Nan na ga wani tulu ja mai zanen fari a wuya, na ce wannan na Inna ne. Taubashina ya ce kai Mushe, tulu, a moto, har Maraɗi? Mai tulun ma, wata dattijuwa, ta ce ɗana ka ba mota mana. Na ce Iya a moto zai je. Ta girgiza kai ta cusa mishi ciyawa a ciki, muka naɗe shi da bargona da riguna biyun nan, muka sa a kwali, muka ɗaure da robar shambur ta ko'ina har ya zama kamar mai karaya.

Wasu sun tambaye ni kuɗi. Mai dai moto tawa ta sha wajen lita 7 zuwa, lita kuma a lokacin sefa 499 ce a gidan mai tun da aka rage ta daga 540 a 2024, ka ga jikka uku da rabi ke nan. Na ruwa-ruwa da ake sayarwa a kwalba, wanda a da muka dogara da shi a Maraɗi, tun da Najeriya ta cire tallafi a 2023 ya daina zama ɓagas, kuma a tafiya mai nisa na fi son na famfo don ka san abin da ka zuba. Amma in ka haɗa bidanj da cin taya da shayi da nama da faci, ba wani sauƙi da ka samu a kan kuɗin mota, wanda zai yi don tsimi gara ya je tasha.

Wasu kuma sun ce yaushe za a yi yamma. Mun taɓa yi shekarun baya, Tsibiri, Gidan Rumji, Madawa inda muka ci kilishin da har yau nake mafarki, Galmi da warin albasarta da ke tarbarka tun daga nesa, Malbaza da kamfanin siminti, har Ƙonni. Hanya ce mai daɗi, ta fi ta gabas tudu da kwari. Amma yanzu kafin mu ɗaga ƙafa sai mun tambaya, kuma ƙauyukan da ke bakin iyaka ta wajen Madarumfa da Gidan Rumji mun daina ratsawa cikinsu yadda muke yi da, kowa ya san dalili, kuma abin baƙin ciki masu ɓarnar ma a kan moto suke zuwa, har ta kai in baƙi biyu sun shigo ƙauye da rawani da moto sai ka ga mata suna janye yara. Shi ya sa in za mu shiga gari muke kwance rawani tun daga nesa, mu kashe inji, mu yi sallama da ƙarfi. Ina tuna lokacin da muke zuwa tafkin Madarumfa ran hutu mu ci kifi mu dawo da magariba ba mai tunanin komai.

Ran Litinin muka juyo. Dawowa kullum ta fi sauri, iskar hunturu ma a bayanmu take tana tura mu, amma ni ban wuce 50 ba saboda tulu, duk tudun rage gudu sai na sauke ƙafa na haye shi kamar mai ɗauke da jinjiri, taubashina yana gaba yana jirana a kowane gari yana cewa ina amaryar, ta iso lafiya? Da muka zo daidai gonar tsohon nan na rage gudu na duba ko zan hango shi, ba kowa sai awaki a gindin gawon, na yi oda sau biyu na wuce.

Mun shigo Maraɗi ana kiran la'asar, ranar kasuwa, gari cike da amalanke da kabu-kabu, hayaniyar da na baro kwana uku ta dawo mini ka gaba ɗaya. Na kwance kwalin a tsakar gida gaban Inna, gabana na faɗuwa. Tulun ya iso, sai ɗan ɓalli a baki kamar farcen yatsa. Ta juya shi ta ƙwanƙwasa ta saurara, ta ce na Mirya ne, na ce e, ta ce a kan ƙarfen ka ɗauko shi, na ce e. Ta ce ma ƙanwata ta wanke shi ta cika ta ajiye a inuwa. Yau wata biyu ke nan ba ta shan ruwan firiji, duk baƙuwar da ta zo sai an ɗebo mata a tulun an ba ta labarin wannan yaro da rashin hankalinshi. Shekaranjiya na ɗan gwada ta, na ce Inna hutun Maris muna son mu leƙa Tawa. Ta ce ba da yawunta ba. Can da zan fita sai ta ce, in dai ka ƙi ji ka bi ta Madawa, tabarmar ɗakinta ta mutu.